Tsintuwa a Gindin Durowa

Ƙafarsa na fara gani. Ta hagu ce, a sama, gwiwa ta kusa taɓa ƙirji, kamar mutumin da ya zo tsallake kwata ya tsaya yana shawara. Sauran jikinsa yana ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa a gindin durowa, wata takarda mai furanni wadda tsufa ya mayar kalar shayi. Na sa farce na ɗaga ta. Sai ga saurayi baƙi, dogo, da fararen kaya da hula mai baki, hannunsa na dama a baya riƙe da ƙwallo, idonsa a kan wani abu da hoton bai ɗauko ba. Katin bai cika tafin hannuna ba.

Durowar ta gwanjo ce. Maigidana ne ya sayo ta a wani shagon tsofaffin kaya da ke titin Wendover, don ya gaji da ganin kayana a akwati kamar na baƙuwar da za ta tashi gobe. Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar East Greensboro, ɗaki da falo a bayan jami'ar da yake karatun digiri na uku. Shi ya fita tun safe, ni in zauna. Takarduna ba su yarda in yi aiki ba, mota ban iya ba, unguwar kuwa in ba ka da mota kamar ba ka da ƙafa ne.

Wata biyu ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Da ciwon ya yi tsanani na ce zan tafi Kano. Aka ce in na fita ba lalle in samu dawowa ba, a bari sai hutu. Ita ma Inna a waya ta ce, "Yi zamanki, sauƙi ake samu." Na yi zamana. Ta rasu da asuba a can, kafin in farka a nan har an kai ta makwanci. Matan Hausawa suka zo min gaisuwa da shinkafa a manyan farantai, suna "ya haƙuri", ina "da godiya". Suna kallon idona, ni ma ina jiran hawaye. Ko ɗigo. Haka na zauna, abinci ba daɗi ba ɗaci, rana ta fito ta faɗi ina kallon ta ta taga kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Na juya katin. Bayansa ƙananan lambobi ne a layi biyu. A kan lambobin, da shuɗin biro, wani ya rubuta jimla ɗaya da Turanci, rubutun mutumin da bai saba riƙe biro ba. Cewa ya yi: a ajiye min wannan har in dawo gida.

Ni a kan littattafan soyayya na haya na girma. A sakandare ina sa su a cikin littafin lissafi in yi ta karantawa malami na gaban allo, a gida kuma tuwo ya sha ƙonewa saboda su. Don haka na san abin da ake nufi da hoto mai rubutu a baya. Saurayi zai tafi karatu ko bautar ƙasa, ya ba budurwa hotonsa a zaure, ya fesa masa turare, ita kuma ta ɓoye a ƙasan adaka inda hannun ƙannenta ba ya kaiwa. Har shinshina katin na yi. Warin tsohon katako kawai.

Da yamma Malam ya dawo, haka nake kiran maigidana, na nuna masa fuskar katin, na rufe bayan da tafin hannuna.

"Katin besbol ne," ya ce yana cire takalmi. "Wasan nan nasu da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya make ta da kulki. Da can a ledar cingam ake sako su, yara su yi ta tarawa. Jefa shi a shara, Gimbiya."

"Hoton mutum ne fa."

"An buga irinsa ya fi a ƙirga. Kamar ki tsinci takardar alewa ki ce sai kin nemo mai ita."

"Durowa ka saya, Malam. Ba ka sayi abin da ke ƙarƙashin takarda ba. Mai shagon ma bai san da shi ba. Tsintuwa ce."

Ya dube ni. Rabon da in ja magana da shi tun kafin rasuwar, ina jin shi ya sa bai ƙara musu ba. Ya ɗauki waya ya buga sunan da ke jikin katin. Abin da ya fito bai wuce layi biyun nan ba, sai mutane barkatai masu irin sunan, wani likitan haƙori, wani dillalin gidaje.

Inna ba ta wasa da tsintuwa. Ina ƙarama ta tsinci ɗan kunnen zinariya, wari guda, a gidan biki a Fagge. Ta ƙulle shi a tsumma ta jefa cikin kwalla, duk taron matan da ta je sai ta yi cigiya: "Wa ta yar da abin kunne a biki?" Ba ta taɓa cewa na zinariya ne ba, ba ta taɓa faɗin siffarsa ba. Mata uku suka zo suka ce nasu ne, ta ce kowacce ta faɗi alama, suka koma hannu rabbana. Ta huɗu ce ta faɗi daidai, wata tsohuwa, ta ce maƙalin a lanƙwashe yake don jikarta ta taɓa cizon sa. Inna ta ce min cigiya shekara guda ce, kuma mai tsintuwa kullum yana ɓoye alama ɗaya a cikinsa, don mai kaya na gaskiya kaɗai ya san ta. In shekara ta cika ba a samu mai shi ba, ya zama naka, ko ka yi sadaka da shi.

Na ƙudura rubutun nan shi ne alamata. Ko Malam ban nuna wa ba. Kuma ban so shekara ta cika katin ya zama nawa. Cewa aka yi a ajiye har a dawo. Wani ya yi alkawari, wata ta ajiye, ni kuma ga shi a hannuna ba ni aka ba ba. A duk garin Greensboro wannan ne abu ɗaya da na san yadda ake yin sa.

Na fara da shagon gwanjon. Matar da ke kan kanta ta ce kayan kyauta ake kawo musu, ba sa rubuta wanda ya kawo. Sai na faɗa wa Anti. Anti 'yar Damagaram ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana aiki a wani katafaren kanti a Wendover, ita ke ɗaukata zuwa Juma'a a tsohuwar motarta mai ƙamshin turaren wuta da soyayyar albasa. Bakinta ba shi da birki.

"Bon," ta ce, wato "to" da Faransancin ƙasarsu. "Mutane na neman girin kad na zama ƙasa, ke kina neman mai katin cingam. Allah ya shirya."

Amma ita ta yi min cigiyar farko. A wani taron suna, ana tsakar rabon waina, ta buga cokali a faranti ta ce, "Jama'a, wa ta yar da saurayi mai ƙafa ɗaya a sama? Yana hannun 'yar Kano, a zo a faɗi alama!" Aka kwashe da dariya. Wata Hajiya ta ce in dai yana da aiki da inshora a kawo mata shi, ba sai ta faɗi komai ba. Na yi murmushi don na ga ana yi. Bayan an watse, a cikin mota, Anti ta ce ta san wani shago da ake sayar da irin katunan nan.

Shagon yana bayan manyan kantunan Wendover, tsakanin masu gyaran farce da mai sayar da katifa. Mai shi wani tsohon Bature ne mai tumbi, tabarau rataye a wuya da igiya. Katunan da ake ji da su suna cikin gilashi, kowanne a rigarsa ta roba, fitila na haska su kamar gwala-gwalai. Na ɗaga masa nawa ban sake shi ba. Ya miƙo hannu zai juya, na janye.

"Madam, sai na ga bayan."

"Gaban ya isa."

Ya sa tabarau ya leƙo. "Mai jifa ne. Shi ne wanda ke tsayawa a kan ɗan tudun nan a tsakiyar fili. Wannan ya ɗan leƙa babban rukuni kakar wasa biyu, daga nan ban san inda ya yi ba. Ɗan garin nan ne, in ban manta ba. In sayarwa za ki yi, gara ki riƙe abinki." Ya nuna min ƙasa da ƙafarsa. Dogayen kwalaye ne jere a gindin bango, katuna cunkushe a ciki, ba riga ba gilashi. "'Yan'uwansa suna can. Babu mai tambayar su."

Na ce ba sayarwa na zo ba, mai shi nake nema. Na daɗe ina masa bayanin cigiya da Turancina na makaranta. Ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, ya ce tun da yake wannan sana'a ba a taɓa kawo masa kati don a mayar ba. Ya rubuta sunan a takarda ya manna a bango kusa da kansa, ya ce zai riƙa tambaya a wuraren baje koli.

Daga nan duk Juma'a, bayan masallaci, Anti ta sauke ni a shagon ta wuce sayayya. Da farko tambaya kawai nake zuwa yi. Ya girgiza kai, in tsaya jiran Anti. Tsayuwar ce ta kai ni ga kwalayen. Na durƙusa ina zaro katunan ɗaya bayan ɗaya, yadda muke tsince tsakuwa a shinkafa, hannu na aiki, kai babu kowa. Mai shagon ya koya min karatun bayansu: kowane layi kakar wasa guda ce. Manyan 'yan wasa layukansu sun cika bayan kati har an ƙanƙanta rubutu. Wasu kuwa layi uku, layi biyu, layi ɗaya, sauran fili fetal, sai a cike gurbin da ɗan zane a ce wane yana son kamun kifi. Waɗannan nake warewa, kuma masu jifa kaɗai. Na samu gwangwanin biskit na fara tara su.

Akwai mai gashin baki da ke jifa daga ƙasa kamar mai watsa wa kaji tsaba. Akwai wani siriri mai manyan kunnuwa, an ɗauke shi yana murmushi, mai shagon ya ce sau ɗaya tak aka hau da shi tudu, ruwan sama ya katse wasan, ba a sake kiran sa ba. Wani ya koma sayar da motoci, wani ya zama fasto. Yawancinsu hannu ne ya juya musu baya. Yadda ya kwatanta min, na gane kafaɗar mai jifa igiyar guga ce: kullum zare ɗaya na tsinkewa ba ka sani ba, sai ranar da ka ji guga ya faɗa rijiya.

Na ba kowannensu labari irin na littattafaina. Mai gashin baki 'yar mai kuɗi yake so, uban ya ce sai ya yi suna. Mai kunnuwa ya yi wa wata alkawari a tashar jirgin ƙasa. Da can irin wannan saƙar tana sa ni in rungume filo in yi ta juyi. Yanzu ƙulla labarin kawai nake kamar mai ninke wanki, in gama in rufe gwangwani. Na mai ƙafa a sama ya fi kowanne tsawo. Wadda ya rubuta wa na yi mata fuska, na yi mata wushirya, na zaunar da ita a bakin taga har furfura ta fito mata.

Wata rana Malam yana neman safa ya ci karo da gwangwanin. Ya buɗe yana tsammanin biskit.

"Gimbiya, maza nawa kika tara min a gida? Ni da nake fita ina cewa na bar ki ke kaɗai."

"Duk hannunsu ya mutu, Malam. Kwantar da hankalinka."

Ya yi dariya, sannan ya zauna a bakin gado ya ce a jami'a akwai wata mata da ake zuwa a zauna a yi magana da ita, matan ɗalibai ma an yarda su je. Na ce me zan ce mata? Babu inda ke min ciwo. Ya rufe gwangwanin a hankali ya mayar inda ya gan shi.

Sau ɗaya na ga wasan da idona, wata Lahadi da rana da sashen su Malam na jami'a suka ɗebi iyalai zuwa filin cikin gari. Ban gane komai ba sai abu ɗaya. Mai jifan ya fara kuskure, ana ta make masa ƙwallo. Sai wani dattijo, mai horar da su, ya fito daga gefe, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya hau tudun ya buɗe tafin hannu. Saurayin ya sa masa ƙwallon a ciki, ya sauka, ya bi ta gaban jama'a kansa a ƙasa. Kowa na cin gyaɗarsa. Malam ya ce haka ake yi, wani za a kawo. Na bi shi da kallo har ya shige.

Kakar wasa ta ƙare, ganye ya zube, sanyi ya zo ya tafi. Ranar da Inna ta cika shekara na soya waina na ba Anti ta kai masallaci, idona a bushe. Saura wata biyu cigiyata ta cika. Sai wata Juma'a ina shiga shagon mai shi ya cire tabarau ya ce, "Madam, mutuminki yana da rai." Wani mai aski ne ya gaya wa wani da ke zuwa shagon. Mutumin yana garin Pleasant Garden, a gidan 'yar yayarsa. Har mai shagon ya kira ta, ta ce mu zo ranar Asabar, amma kada mu daɗe.

Anti ta sa sabon mayafi. "In ya gan ni ya rikice, ba ruwana," ta ce. Kudu muka nufa, gine-gine suka yi ta raguwa, gidaje suka fara nesa da juna, kowanne da filin ciyawarsa kamar gona, ba mutum ko ɗaya a ƙafa. Katin yana jakata naɗe a hankici. Na saurari zuciyata ko tana bugawa irin ta 'yan matan littafi. Tafiyarta take yadda ta saba.

Yana zaune a baranda a kujera mai lilo, dogon tsoho wanda jiki ya zube ya bar ƙashi, da hula mai baki. 'Yar yayar tasa, babbar mace da kayan ma'aikatan asibiti a jikinta, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Muka gaishe shi, muka ce masa Baba. Na warware hankicin na ɗaga masa katin daga inda nake.

Ya daɗe yana kallo. "Ni ne," ya ce. "Lokacin gwiwa tana jin magana." Ya miƙo hannu.

Ban ba shi ba.

"Baba, akwai abu a bayansa. Sai ka faɗa min mene ne."

Anti ta zungure ni, ta yi ƙasa da murya da Hausa. "Ke 'yar nan, fuskarsa ce fa! Ba bawan Allah kayansa mu tafi, kin ga matar can ta fara haɗe rai."

"Fuskarsa tana kan kati ya fi a ƙirga, Anti. Ni wannan ɗayan nake cigiya."

'Yar yayar ta tambaya ko wani abu muke so a ba mu. Na ce a'a, a garinmu haka ake mayar da tsintuwa, sai mai kaya ya faɗi alama. Tsohon ya ce ya sa hannu a kan katuna da yawa a zamaninsa, ba zai tuna kowanne ba. Na ce wannan ba sa hannu ba ne.

"A ina kika same shi?"

Na ce a gindin durowa ta jan katako, mai aljihu huɗu, ƙarƙashin takarda mai furanni.

Kujerar ta daina lilo. 'Yar yayar ta sauke hannuwanta, ta ce durowar mamanta ce, bara da ta rasu suka kwashe kayan ɗakin suka bayar. Tsohon ya ce, "Kafin ta zama ta mamanki fa?" Ya kalli filin ciyawar. Wani maƙwabci yana zagaye a kan injin yankan ciyawa, muka jira har ya yi nisa.

"Shuɗin biro ne," ya ce. "A wajen mai otal na aro shi. A ajiye min wannan har in dawo gida."

Ko kalma ɗaya bai sauya ba.

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma kusan shekara ina ɗauke da mai wushiryar nan, sai na ji bakina ya ce, "Ta jira ka?"

"Wa?"

"Wadda ka rubuta wa."

Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Yarinya, uwata ce."

Ya ba da labarin ba hawa ba sauka, kamar mai karanta bayan kati. A East Greensboro ta zauna, da ya kwatanta titin sai na ga kullum muna bi ta nan zuwa masallaci. A masaƙa take aiki. Ba ta san kan wasan ba, ba ta taɓa ganin sa a babban fili ba. Da aka buga masa kati, na farko kuma na ƙarshe, ya sa ɗaya a ambulan ya aika mata. A shekarar aka mayar da shi ƙaramin rukuni a wani gari mai nisa, ana cewa ko yau ko gobe za a sake kiran sa sama. Sai uwar ta kwanta ciwo. Yayarsa ta kira shi ta ce ya zo. In ya tafi kuwa, akwai samari a bayansa suna jiran tudun ya zama babu kowa. Ya kira uwar, ta ce ya zauna, ba wani abu ba ne, ta fara samun sauƙi.

"Sai na zauna," ya ce. "Na zo jana'iza. Jana'iza kowa na zuwa."

"Ni ko jana'izar ban samu ba," na ce. Ban yi niyyar faɗa ba. Anti ta juyo ta dube ni.

Ya gyaɗa kai kawai. Ya ce saman ba a kira shi ba. Kafin kakar wasan ta ƙare kafaɗa ta tsage, wani dattijo ya hau tudu ya buɗe masa hannu. Ya dawo gida ya yi shekaru yana tuƙa motar 'yan makaranta. Bai san uwar ta ajiye katin ba, ya ɗauka ya bi shara tun tuni.

"Ka yi kuka?" na ce.

"Na yi ta jiran sa," ya ce. "Wani yana zuwa masa, wani ba ya zuwa. Ni bai zo ba. Na dai ci gaba da tashi da safe."

Sai na matsa zan ba shi. Ya sake miƙo hannu, a lokacin na lura na hagu ne, tun ɗazu ma shi ya miƙo. Na tsaya. A gidanmu ko gishiri ba a karɓa da hagu, balle amana. Na kai katin wajen damansa, ya biyo ni da hagun, na kauce, ya sake biyowa. Anti ta ce, "Innalillahi, yau na ga ta kaina." 'Yar yayar ce ta ce min na daman ba ya ɗaguwa, an daɗe.

Yana nan kwance a kan cinyarsa, ƙaton hannu, yatsu biyu a karkace. Shi ne wanda ke baya a hoton, riƙe da ƙwallo. Na durƙusa na juya tafin sama, na sa katin a ciki, na naɗe yatsun a kansa ɗaya bayan ɗaya. Suna da sanyi. Ya bar shi a nan ɗan lokaci. Sannan ya zare shi da hagu. Bai kalli saurayin ba, bayan ya juya ya kalla, ya sa a aljihun gaban riga ya dafa.

"An karɓa," na ce da Hausa, ban san wa nake gaya wa ba.

A hanyar dawowa Anti ba ta kunna rediyo ba. Sai da muka shigo gari ta ce, "Bon. Littafin naki bai ƙare da biki ba." Na ce bai ƙare da shi ba. Ta miƙo hannu ta matse gwiwata, ta mayar kan sitiyari. A gida Malam ya tambaya yaya, na ce an samu mai shi. Na ɗora tukunya. Ban yi kuka ranar ba, ban yi washegari ba. Abin da na lura kawai, miyar ta yi gishiri, kuma na ji.

Na koyi mota. Malam ya gama, ya samu koyarwa, muka tashi daga unguwar, durowar ta biyo mu. Gwangwanin yana aljihunta na ƙasa. Na daina ƙara masa, na daina ba su labari, wani lokaci dai nakan buɗe in karanta layukan yadda suke. Babbar Sallah uku a jere na kai wa Baba soyayyen nama Pleasant Garden. Haƙoransa ba sa iyawa, sai ya tsotsa ya ce yaji ya yi yawa, ya ƙara ɗauka. Kowane zuwa katin yana aljihun. A ta huɗu na tarar da baranda babu kujera, maƙwabcin ya ce an kai shi gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama shi. Na ce zan je. Haihuwa ta zo, sai wata haihuwar, ban je ba.

Bayan shekaru na haɗu da 'yar yayar a kantin su Anti, kowacce da kekenta na sayayya. Ita ta gane ni. Ta ce ya rasu a sanyin da ya wuce, ya manta sunanta, ya manta ya taɓa riƙe ƙwallo. Na yi mata ta'aziyya. Na tambayi katin.

Ta ce tun watansa na farko a gidan aka haɗa rigar da wanki da shi a ciki. Ya fito dunƙulen takarda, ba hoto ba rubutu, sai ɗan shuɗi da ya rine aljihun. Ta so ta sayo masa wani, tunda suna nan a kwalaye, sai ta ga bai nema ba. Rigar dai ya ƙi yarda a raba shi da ita. Kullum da safe in an sa masa, sai ya ɗaga hagu ya dafa aljihun sau biyu, sannan ya yarda a tura shi wajen karin kumallo.